Furen da Ya Fito a Kaskon Yaya Zara

Yau shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayata, Hajja Zara mai habba ta kasuwar Dembe, kuma a tsawon shekarun nan ban taɓa buɗe baki a bainar jama'a na faɗi abin da zan faɗa yau ba. Da ana mayar da rana baya, da na mayar da wata Laraba guda, ranar da na ɗora buhu biyu a bayan babur na kai su wurin mai injin matse mai. Man habbatus sauda da ya kumbura ƙafafun mutane a Mursal da Dembe, wanda tsofaffin unguwa ke kira "man Zara" har gobe, ba ita ta matse shi ba. Ni ne, Idi, ƙanenta uwa ɗaya uba ɗaya. Ta hana ni, na yi mata ƙarya, na sayar da shi da sunanta. Ta rasu da baƙin jinin abin a kanta, ni kuwa ina nan da farin gemu, ana ba ni sahun gaba a masallaci.

Waɗanda ba su san mu ba, bari in faɗa musu ko mu su wane ne. Kakarmu ta taso daga ƙasar Hausa a ƙafa za ta aikin hajji, ta iso nan bakin kogin Shari da ciwon ƙafa, ta ce za ta huta damina ɗaya. Damina ɗayar ita ce har ta mutu. Ba ta bar mana gona ko shanu ba, sanin tsirrai kawai ta bari, shi ma Yaya Zara ce ta ɗauka. Ni an sa ni lakwal, wato makarantar boko, na yi aji huɗu na gudu, amma aji huɗun nan ya ishe ni ɗaga kai. Ina iya karanta rubutun jikin kwalba, ita ba ta iya ba, sai na ɗauka na fi ta sani.

Yaya tana da wata ɗabi'a da duk kasuwa ta san ta da ita. Ba ta sayar da ƙwayar da ba ta taɓa ganin furenta ba. Duk irin da aka kawo mata, ko daga hannun wa ya fito, sai ta ɗebi ɗan kaɗan ta yafa a fasasshen kasko, ta rufe da ƙasa, ta zuba ruwa, ta jira. Bayan ɗakinta a Mursal kasake ne jere kamar na mai tuyar masa. Idan mai kaya ya ce yana sauri, sai ta ce masa, "Kai ke sauri, iri ba ya sauri. In ya fito zai faɗi sunansa da kansa." Akwai wasu 'ya'yan itace jajaye ƙanana masu tsami da alhazai kan dawo da su, ana cewa suna gyara ciki. Mata sun dame ta ta riƙa sarowa. Ta shuka su sau uku, zafin garin nan ya hana su tsira. Wani Balarabe ɗan kasuwa ya yi mata bayani cewa ƙaramar bishiya ce mai ƙaya da fure rawaya, a duwatsun ƙasashen sanyi take fitowa. Ta ce masa, "Na ji, amma ban gani ba." Har ta bar duniya ba ta sa su a rumfarta ba. Ni a lokacin haushi abin yake ba ni, ina ganin taurin kai ne irin na tsofaffin mata.

Da sanyi ya shigo, ruwan kogi ya janye, takan ja ni mu bi gaɓar Shari da sassafe, tana nuna mini abubuwa da sandarta. A nan ta fara nuna mini haƙorin kada. Duk wanda ya taɓa bin bakin kogi ko gefen bola a garin nan ya san shi, ko da bai san sunansa ba. Ganyensa mai ƙaya ne, kore mai toka-toka, da farin zane a kan jijiyoyinsa. Furensa rawaya ne, mai laushi kamar takardar sigari, kyakkyawa ƙwarai. In ka karya reshensa, ruwa rawaya zai fito ya ɓata maka hannu. In ya bushe, ƙwansonsa mai ƙaya yakan buɗe ta sama, cike da ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe. Ko akuya ba ta cin sa.

Habbatus sauda kuwa, wadda mu a nan muke ce wa habba, ba ta yi kama da shi ba ko kaɗan in tana tsaye a ƙasa. Ganyenta siri-siri ne kamar zare, ba ta da ƙaya, furenta fari ne mai ratsin shuɗi, ƙwansonta kuma yana da 'yan ƙahoni a ka. Yaro ma ba zai haɗa su ba. Sai an sussuke su an zuba a buhu ne suke zama 'yan uwan juna a idon mai gaggawa, domin duka baƙaƙe ne, duka ƙanana. Amma ko a nan Yaya tana da hanyarta. Takan zuba ƙwayar a faifai ta ɗan karkata shi. Habba ta gaskiya tana da kusurwa, ba ta gangarawa, sai dai ta ja jiki kaɗan ta tsaya. Ƙwayar haƙorin kada zagayayya ce, da ka karkata faifai sai ta gangara gefe kamar tana gudun wani. Sannan in ka murza habba a tafin hannu, ƙamshinta zai bugi hancinka. Ɗayar ba ta da wannan ƙamshin. Duk wannan na sani. Ina so mai karatu ya riƙe wannan, kada ya ce rashin sani ne ya kai ni.

A shekarar da abin ya faru, gwiwoyin Yaya sun matsa mata, ta daina fita, ta ba ni makullin rumfa. Habba ta yi wuya a gari, motocin da ke kawo ta daga gabas sun yi jinkiri, mutane kuma kullum suna zuwa tambayar mai. Sai wani mutum ya tare ni a Ngeli, kusa da gada, ya ce yana da buhu biyu da ya tsallako da su daga Kuseri, garin da ke ƙetaren gadar, zai ba ni da sauƙi. Na buɗe na shinshina, na ji ƙamshin habba, domin akwai habbar a ciki, gauraya aka yi. Na kwaso na kawo gida ina jin kaina gwani.

Yaya tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafa. Ta ce, "Daga ina?"

Na ce, "Daga Ngeli."

Ta ce, "Yaushe habba ta fara shigowa ta gada? Tun ina yarinya ta gabas take zuwa. Miƙo mini faifai."

Ta zuba, ta karkata. Wasu suka tsaya, wasu da yawa suka gangara suka taru a baki. Ta sake yi. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"Idi, ka ga abin da na gani?"

Na ce, "Yaya, habba ai iri-iri ce. Ta wata ƙasar tana iya zama zagayayya."

Ta ce, "To, Malam mai lakwal. Mu tambayi kasko. Kafin ya ba da amsa, kada ƙwaya ɗaya ta fita daga buhun nan. Ka ji ni?"

Na ce na ji.

Kwana shida na yi ina kallon buhunan a zaure, ina kallon masu saye suna juyawa suna tafiya rumfar wasu. A na bakwai, ranar Laraba, na ce wa Yaya na yi tunani, zan mayar wa mutumin kayansa. Ta ce Allah ya yi mini albarka. Da wannan albarkar a kaina na wuce wurin mai inji. Na ɗura man a kwalabe, na jera a rumfa. Duk wanda ya tambaya ko Hajja ta duba, sai in ce, "Haba, akwai abin da ke shiga rumfar nan ba ta duba ba?" Ba su tambaya sau biyu, domin shekara talatin suna sayen kayanta ba ta taɓa cutar su ba. Amanar da ta tara a shekara talatin na ɗura a kwalba na sayar.

Mutanenmu sun ɗauki habba da daraja saboda abin da ya zo a kanta a addini, wasu kullum safe sai sun sha cokali guda da zuma. Cikin masu yin haka akwai Abba Jibrin, tela a Mursal, wanda shi ya ɗinka wa Yaya kayan da ta tafi Makka da su. Bayan 'yan makonni aka fara jin wance ƙafarta ta kumbura, wane yana gudawa, wane in ya yi taku goma sai haki. Ina jin labarin a kasuwa ina cewa ruwan rijiya ne, ko sauyin yanayi. Ban daina sayarwa ba. Wannan ma ina so a rubuta shi yadda na faɗa.

A bayan ɗaki kuwa kasko yana aikinsa. Tsiro iri biyu ya fito, mai ganyen zare da mai ganyen ƙaya. Yaya ta gane mai ƙayar tun yana ganye huɗu, amma da yake ta ɗauka buhunan sun koma, sai ta bar shi ya girma don ta nuna mini in ya yi fure, ta yi mini dariya. Ranar da furen ya buɗe, ranar ce wata maƙwabciya ta shigo gaishe ta, ta ce, "Hajja, sabon man nan naku kuwa lafiya? Mai gidana tun da ya fara sha takalminsa ya daina shigarsa."

Aka aiko kirana da hantsi. Na same ta a bayan ɗaki, ta jawo kaskon gabanta. Fure ɗaya ne, rawaya, yana rawa a iska.

Ta ce, "Zo ka faɗa mini sunan wannan."

Na ce, "Haƙorin kada ne, Yaya."

"Ashe ka san shi."

Ta karya reshen, ta kamo hannuna, ta shafa mini ruwan a tafi. Ta ce, "Buhunan nan, ka mayar?"

Na girgiza kai.

Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Cewa ta yi, "Faɗa mini su wa da wa ka sayar wa. Kada ka tsallake ko ɗaya."

Matar da ba ta iya zuwa bakin ƙofa sai da sanda, ita ce ta sa aka kira mata kilando, ɗan acaɓan garin nan, aka ɗora ta a baya da babbar roba a cinya. Kwana huɗu tana bin gidaje, Mursal, Dembe, har Ngeli. A kowace ƙofa maganarta ɗaya ce: "Man da kuka saya a rumfata ba shi da kyau. Ku ba ni abin da ya rage, wanda ya sha kuma a kai shi asibiti yau, ku faɗa wa likita ƙwayar haƙorin kada ce a ciki." Wasu suka ba ta a hannu. Wasu suka jefa mata kwalbar. Wata mata ta bi ta har titi tana cewa, "Hajjar ƙarya, kin je Makka kin dawo kina kashe mutane." Yaya ta haƙa rami a bayan gida ta tsiyaye man duka ta binne.

Ni ina ina a kwana huɗun nan? Na ce zan tsallaka Kuseri neman mutumin da ya sayar mini. Ban neme shi ba. A gidan wani abokina na zauna ina shan shayi, ina jira ƙura ta lafa.

Allah ya sa ba a rasa rai ba, kuma na tabbata yawon da ta yi ne ya hana. Yawancinsu kumburin ya saɓe bayan sun daina sha. Abba Jibrin ne abin ya taɓa wa ido. Likita ya ce ruwan idon ya yi ƙarfi ya danne jijiya. Ido ɗaya ya tafi gaba ɗaya, ɗayan ya rage hazo-hazo. Tela da ba ya ganin kafar allura, kowa ya san abin da ya rage masa.

Da na dawo na tambaye ta me ya sa ba ta faɗi sunana ba. Ta ce, "Rumfar tawa ce, sunan nawa ne, ni na ba ka makulli. Wannan rabona ne, na ɗauka. Naka rabon kuma, ai kana da baki."

Ta bar mini ƙofa a buɗe, ta zauna tana jira in shiga. Shekara ɗaya da 'yan watanni ta yi bayan haka. Rumfa ta mutu, domin ba wanda zai sake sayen ko gishiri a wurinta. Matan da suka saba cika tsakar gidanta suna tambayar maganin yara suka ɗauke ƙafa. Kullum in na shiga gaishe ta sai ta dube ni, ba ta tambaya, ni kuma in yi zancen zafi da tsadar gero in fita. Ciwonta na ajali daban ne, ba zan ce baƙin ciki ne ya kashe ta ba, wannan sanin Allah ne. Amma na san a wane hali ta tafi. Ranar jana'izarta mutanen kasuwa da suka zo ba su cika sahu ɗaya ba.

Bayan arba'in na buɗe tawa rumfar a wani layi. Mutane suka riƙa zuwa suna cewa, "Alhaji Idi, Allah ya sa kai ba ka biyo halinta ba." Ni kuma in ce, "Amin." Sau nawa na faɗi wannan amin ɗin, ban sani ba.

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da za ta leƙo kasuwar Dembe a yau. Ina jin toshe hanci za ta yi ta koma. Masu sayar da maganin gargajiya sun ninka na zamaninta, ga lasifika a kan baro tana ihu tun safe, kwalba ɗaya tana maganin ciwo arba'in. A cikinsu da wuya ka sami wanda ya taɓa ganin tsiron abin da yake sayarwa yana tsaye a ƙasa. Gari ne ake kawo musu a leda, an riga an daka, ba ganye ba fure ba saiwa, ko garin bulo ne ba za su sani ba. Wasu ma ba su da rumfa, a waya suke talla, a aiko maka da kilando har gida, ba ka ga fuskar wanda za ka kama ba in cikinka ya ɓaci. Gaɓar kogin da muke bi da sassafe ta zama juji, leda ta rufe komai, ƙananan furannin da take nuna mini da sanda sun ɓace. Haƙorin kada ne kaɗai ya ji daɗin zamanin, shi da ma bola yake so, ga shi nan ya cika ko'ina, 'yan mata suna tsayawa ɗaukar hoto kusa da shi.

Watan jiya na tsaya a wata rumfa na ɗauki kwalbar da aka rubuta man habba a jikinta. Hoton da aka liƙa wani jan fure ne mai faɗi, irin na ƙasashen Turawa. Na ce wa mai rumfar, magidanci ne da gemunsa, "Malam, wannan furen mene ne?"

Ya ce, "Na habba mana, Baba."

Na ce, "Ka taɓa ganin habba ta yi jan fure?"

Ya yi dariya ya ce, "Baba, a waya aka ciro hoton. Mai za ka sha ko hoto? Saya kawai, wallahi nawa mai kyau ne, ba irin na Zara ba ne."

Na ce, "Wace Zara?"

Ya ce, "Oho, haka dai ake faɗa. Wata tsohuwa ce wai da ta taɓa sayar wa mutane guba."

Mutumin nan bai taɓa ganinta ba. Lokacin da abin ya faru ina jin bai ma zo garin ba, domin harshensa na sababbin zuwa ne. Sunan matar da ta fi kowa tsantseni a kasuwar nan ya zama abin da maƙaryata ke rantsuwa da shi don su sayar da jabu. Na tsaya ina jin ƙyamarsa, sai na ga ba ni da wannan damar. Shi hoto ya ciro a waya bai sani ba. Ni na ga ƙwaya tana gangara a faifai da idona.

Daga nan gidan Hawwa na nufa, 'yar Yaya tilo, wadda har yau take ajiye kasake a bayan ɗaki ko da yake ba ta sayar da komai. Na faɗa mata duka. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Kawu, shekara goma sha ɗaya kana cin tuwo a gidan nan duk Juma'a." Ta ɗauke kwanon shayin da ta ajiye mini ta shige ɗaki. Har yau ba ta sake yi mini magana ba, kuma ban ga laifinta ba.

Shekaranjiya na je wurin Abba Jibrin. Yana zaune a ƙofar gida kan benci, keken ɗinkinsa na ciki an rufe shi da buhu. Ya gane muryata.

Ya ce, "Alhaji Idi, yau kai ne a gidan makafi? Ko riga ka kawo in ɗinka maka da hanci?"

Na ce, "Abba, magana na kawo, kuma ba mai daɗi ba ce."

Ya ce, "Zauna. Masu daɗin ai sun daɗe da daina zuwa nan."

Na faɗa masa tun daga gadar Ngeli har zuwa ramin bayan gida. Yana saurare yana murza carbi. Na ɗauka zancen ido zai yi, na shirya jin duk abin da zai faɗa a kai. Sai ya ce, "Ka san ta zo nan sau biyu bayan abin? Na farko na ce a ce mata ba na nan, tana jin muryata. Na biyu ta aiko da zuma, na sa aka mayar. Da ta rasu aka zo aka faɗa mini, na ce Allah ya yi mata abin da ta yi mini. Ban je jana'iza ba. Shekara goma sha biyu, in na laluba ban sami ƙofa ba, sunanta nake kira da mugun baki." Ya juyo da fuskarsa wajen da nake. "Idon nan Allah ya bayar, ya karɓa ta hannunka, wannan tsakaninku ne. Amma ka sa na ƙi baiwar Allah da ba ta yi mini komai ba sai alheri. Wannan wa zai ɗauka, ni ko kai?"

Na ce, "Ni ne, Abba. Ka yafe mini."

Ya ce, "Kada ka yi mini sauri, Alhaji, saurinka ne ya kawo mu nan. A zaure ka zo ka faɗa mini a hankali kamar mai neman aure. A zaure aka ɓata ta? A kasuwa aka ɓata ta. Je ka wanke ta a can da ƙarfi yadda kowa zai ji. In ka gama ka zo ka ja mini sanda zuwa kabarinta, ina da abin da zan faɗa mata. Bayan nan sai mu ga zancen yafiya."

Shi ya sa na nemi a ba ni wannan fili. Ba ni da ilimin rubutu mai yawa, amma na ga jarida ta fi muryata nisa. Gobe in Allah ya kai mu zan tsaya a layin masu magani a Dembe, a daidai inda rumfarta take da, da faifai a hannuna da ƙwayoyin nan biyu, in nuna wa duk mai son gani yadda ake rarrabe su, in kuma faɗi wanda ya matse man nan da bakina. Na san wasu za su daina gaishe ni. Na san sahun gaba ya ƙare. Jibi kuma zan je in ja wa Abba Jibrin sanda.

In aka tambaye ni me ya rage na Hajja Zara, ba rumfa, ba gida mai bene, ko hotonta kirki ba mu da shi. Akwai mutanen da ke tafiya da ƙafafunsu a Mursal yau saboda wata tsohuwa mai ciwon gwiwa ta hau babur ta bi gidajensu tana karɓar zagi. Akwai kasake a bayan ɗakin Hawwa. Akwai kuma wannan ɗan sanin da ta bari, wanda ba ya buƙatar lakwal: ka san ganye, ka san fure, ka karkata faifai, ka murza ka shinshina, in kana shakka ka shuka ka jira. Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta, ya saka mata da abin da mu muka hana ta.

Roƙona ga mai karatu kaɗan ne. In kana sayar da abin da mutane za su sha, kada ka sayar da ƙwayar da ba ka san furenta ba, kuma in wanda ya fi ka sani ya ce ka jira, ka jira. In akwai wanda yake ɗauke da laifinka a kansa, ka je ka sauke masa tun yana iya jin ka, kada ka yi irin nawa, da na bari sai da ƙasa ta rufe ta. Ku kuma mutanen Dembe, daga yau ku cire sunan yayata daga bakinku in kuna zancen mugun mai. In dole sai kun sa masa suna, ku ce man Idi.